Wa ke da ikon tura rundunar ECOWAS, kuma wa ke biyan kuɗinta?

Malam Isiyaku:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana shari'a da waɗanda suka san aikin soja a wannan zaure. Ranar 10 ga Agustan 2023 shugabannin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, sun zauna a Abuja, suka ba da umarnin a tayar da rundunar ko-ta-kwana saboda juyin mulkin da aka yi wa Mohamed Bazoum a Nijar. Mako guda bayan haka manyan hafsoshin tsaro suka haɗu a Akra, har kwamishinan harkokin siyasa da tsaro na ƙungiyar, Abdel-Fatau Musah, ya shaida wa 'yan jarida cewa an tsayar da ranar shiga. Duk da haka ko soja ɗaya bai tsallaka iyaka ba. Ba ina tambayar ko yaƙin ya dace ko bai dace ba ne, domin kowa ya riga ya tsaya kan ra'ayinsa. Tsarin nake so a bayyana mana: wa ke yanke shawara, sojojin na wane ne, kuma daga wace asusu ake biyansu? A Gambiya a 2017, da shugaba Yahya Jammeh ya ƙi sauka bayan Adama Barrow ya kayar da shi a zaɓe, cikin 'yan kwanaki aka gama komai, to me ya bambanta?

Barista Ladi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga Nijar sai an san cewa ba domin tsaro aka kafa ƙungiyar ba. Yarjejeniyar Legas ta 28 ga Mayun 1975, wadda Gowon na Najeriya da Eyadema na Togo suka yi wa fafutuka, maganar kasuwanci ce da haɗin tattalin arziki. Daga baya ne aka riƙa ɗora batun tsaro a kai: a 1978 aka sa hannu kan alkawarin cewa ƙasa ba za ta kai wa 'yar'uwarta hari ba, a 1981 kuma a Freetown aka amince da taimakon juna idan an kawo hari daga waje, har aka tanadi rundunar ƙawance wadda ba a taɓa harhaɗa ta ba. Wannan yarjejeniya ta 1981 ta hana shiga rikicin da yake na cikin gida zalla. Saboda haka lokacin da ECOMOG, rundunar da ECOWAS ta harhaɗa saboda yaƙin basasar Laberiya, ta sauka a Monrovia cikin Agustan 1990, wani ƙaramin kwamitin shiga tsakani ne da ya zauna a Banjul ya tura ta, kuma Kwaddebuwa da Burkina Faso ba su yarda da matakin ba. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ma sai a Nuwamban 1992 ya fitar da ƙuduri a kan lamarin, mai lamba 788, yana yaba wa aikin, wato bayan an shafe fiye da shekara biyu ana gwabzawa.

Wannan ruɗani ne ya haifar da yarjejeniyar Lome ta Disamban 1999, kuma ita ce amsar tambayarka ta farko. Taron shugabanni shi ne a sama, amma ya miƙa ikon tura runduna ga majalisar shiga tsakani da tsaro, wadda a rubuce take da ƙasashe tara: bakwai zaɓaɓɓu, sai ƙasar da ke shugabanci da wadda ta sauka. Tana zama a matakin jakadu da na ministoci da na shugabanni, kuma kashi biyu cikin uku na waɗanda suka halarta ya isa a yanke hukunci. Babu mai kujerar naƙi. Sashe na 25 ya lissafa dalilan shiga, ciki har da rikicin cikin gida da zai jawo bala'i ga jama'a, da take haƙƙin ɗan Adam mai yawa, da kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati ko yunƙurin yin haka. A takarda dai, ƙungiyoyi kaɗan ne a duniya suka ba kansu irin wannan iko a kan membobinsu.

Tsohon Soja:
Barista ta faɗi abin da ke takarda, kuma daidai ta faɗa. Ni zan faɗi abin da ke bariki. ECOWAS ba ta da soja ko ɗaya nata na kanta. Rundunar ko-ta-kwana bataliyoyi ne da kowace ƙasa ta yi alkawarin warewa, suna zaune a barikokin ƙasashensu, suna karɓar albashi daga gwamnatocinsu, kuma ba za su motsa ba sai babban kwamandan askarawan ƙasarsu ya ce su motsa. Kwamandan da ƙungiya ta naɗa yana iya zana taswira ya rarraba wa kowa yankinsa, amma kwamandan bataliya, kafin ya kai farmakin da zai iya jawo asarar rai, sai ya tuntuɓi hedikwatarsa ta gida. Tun zamanin ECOMOG haka abin yake.

Akwai kuma batun wanda ya fi kawo mutane. Kwamandan ECOMOG na farko ɗan Ghana ne, Janar Arnold Quainoo. Da mayaƙan madugun 'yan tawaye Prince Johnson suka kama shugaban Laberiya Samuel Doe a hedikwatar rundunar cikin Satumban 1990, sai aka miƙa jagorancin fagen daga ga Janar Joshua Dogonyaro, kuma daga nan 'yan Najeriya ne suka ci gaba da riƙe rundunar a Laberiya. Ƙasar da ta kawo jiragen ruwa da na sama da mafi yawan sojoji ba za ta yarda wani ya jagorance su ba, ko da me aka rubuta.

Malam Isiyaku:
Ranka ya daɗe, ke nan idan Najeriya ba ta motsa ba babu abin da zai motsa? Ai a Gambiya Senegal ce ta shige gaba.

Tsohon Soja:
Haka ne, Malam, amma duba taswira. Senegal ta kewaye Gambiya ta ko'ina in ban da bakin teku, sojojinta ba sa buƙatar jirgin ɗaukar kaya kafin su isa iyaka, rundunar Gambiya ƙarama ce, kuma babban hafsanta ya nuna ba zai sa yaransa su yi faɗa saboda Jammeh ba. Duk da haka Najeriya ta aika jiragen yaƙi da jirgin ruwa, Ghana ma ta ba da sojoji. Nijar kuwa ta fi Najeriya faɗin ƙasa, sojojinta sun daɗe suna yaƙi, shugaban da ake so a ceto yana hannun masu gadinsa a tsakiyar Yamai, sannan Mali da Burkina Faso sun sanar cewa duk wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Alassane Ouattara na Kwaddebuwa ya yi alkawarin bataliya ɗaya, mutum 850 zuwa 1,100. Wannan ba ya kama babban birni. Nauyin duka a wuyan Najeriya zai faɗa.

Barista Ladi:
Sai a ƙara da bambancin shari'a. An rantsar da Adama Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar ranar 19 ga Janairun 2017, shi ya nemi taimako a matsayin halastaccen shugaba, kuma a ranar ce Kwamitin Sulhu ya fitar da ƙuduri mai lamba 2337 yana goyon bayan ECOWAS, ko da yake ya ce a fara da hanyar siyasa kuma bai ba da izinin amfani da ƙarfi ƙarara ba. Kwana biyu bayan haka Jammeh ya bar ƙasar. A batun Nijar babu irin wannan ƙuduri, alhali sashe na 53 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ƙungiyar yanki ba ta tilastawa da ƙarfin soja sai da izinin Kwamitin Sulhu.

Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne dokar cikin gida. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana tura soja yaƙi a wajen ƙasa sai da amincewar Majalisar Dattawa. Akwai togaciya ga ƙaramin farmaki idan tsaron ƙasa na cikin haɗari na gaggawa, amma ko a nan sai shugaba ya nemi yardarsu cikin kwana bakwai. Ranar 5 ga Agusta sanatoci suka shawarci Tinubu da ya bi hanyar sulhu, kuma sanatocin Arewa sun riga sun fito fili sun ƙi. Shugaban da ya sa hannu a kan umarnin ECOWAS a matsayin shugaban ƙungiya, shi ne dai wanda majalisarsa ta ƙi mara wa baya a matsayin shugaban ƙasa. Babangida da Abacha ba su da majalisar da za ta tsayar da su lokacin Laberiya da Saliyo. Abin mamaki, rundunar da ake kira ta kare dimokuraɗiyya ta fi saurin tashi a zamanin da soja ke mulki a Najeriya.

Nasiru:
Ina neman afuwar manya, ina so in kawo misalin Tarayyar Turai, domin sau da yawa ana ɗauka cewa su sun warware wannan matsala. Ba su warware ba. A 1954 majalisar dokokin Faransa ta yi watsi da shirin kafa rundunar Turai guda ɗaya, kuma har yau ba a kafa ta ba. A harkar tsaro da soja sai duk ƙasashe 27 sun amince, saboda haka ƙasa ɗaya kamar Hangari ta iya riƙe kuɗin makaman da ake son biya saboda Yukren na tsawon lokaci. Suna da ƙananan rundunonin gaggawa, kowace mai kimanin mutum 1,500, waɗanda suke cikin shiri tun 2007 ana karɓa-karɓa, amma ba a taɓa tura ko ɗaya ba. Babban dalili shi ne ƙasar da ta ba da sojoji ita ke ɗaukar mafi yawan kuɗin, don haka wadda layi ya zo kanta ba ta ɗokin a tafi. Yarjejeniyarsu ta Lisbon tana da sashe na 42(7) na taimakon juna, wanda Faransa ta yi amfani da shi bayan hare-haren Paris na Nuwamban 2015, amma taimakon ƙasa da ƙasa aka tattauna shi. Jamus ma, kamar Najeriya, ba ta tura soja waje sai majalisarta ta yarda. To ashe dokarmu ta kashi biyu cikin uku ta fi tasu ƙarfi.

Hajiya Rabi:
Nasiru ƙanena, ta fi tasu ƙarfi a baki, kuma a ganina wannan aibi ne. Su Turawa sun san cewa ba za a tilasta wa ƙasa ta ba da ran 'ya'yanta ba, sai suka gina tsarinsu a kan haka: wadda ba ta son wani aiki tana iya ƙauracewa ba tare da ta hana sauran ba, kamar yadda Ostiriya da Ayalan da Malta suka yi a batun sayen makamai masu kisa, sannan a 2017 suka buɗe wani tsarin haɗin gwiwa na dindindin wanda ƙasa ke shiga da son ranta, ta ɗauki ayyukan da take iyawa. Ba sa yin barazanar da ba za su iya cikawa ba, kuma kar a manta yawancinsu suna ƙarƙashin inuwar ƙawancen tsaro na NATO, shi ya sa jinkirinsu bai cika jefa su cikin haɗari ba. Mu kuwa muka ba da wa'adin kwana bakwai ranar 30 ga Yuli kafin a tambayi wa zai kawo soja, wa zai kawo mai. Da wa'adin ya cika ba a yi komai ba, duk wani hafsa mai tunanin juyin mulki a yankin ya ga iyakar ƙarfin ƙungiyar.

Game da tambayar Malam ta uku, ta kuɗi: ECOWAS tana da harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su daga wajen yankin, kuma da shi ake tafiyar da hukumar da majalisa da kotu. Hukumomin kwastan na ƙasashe ne ke karɓa, su kuma miƙa, kuma an sha kokawa a tarukan ƙungiyar cewa ba a miƙawa a kan lokaci. Wannan kuɗi ba a auna shi da yaƙi ba. Yarjejeniyar 1999 ta ce ana iya neman ƙasar da ta ba da sojoji ta ɗauki nauyinsu wata uku na farko, ƙungiya ta mayar mata cikin wata shida. Wane ministan kuɗi ne zai saki baitulmalinsa a kan irin wannan alkawari? Adadin da ake yawan ambata na abin da Najeriya ta kashe a Laberiya da Saliyo shi ne kusan dala biliyan 8, kuma ba ƙungiya ce ta biya ba. A Mali ma, Kwamitin Sulhu ya amince da rundunar Afirka a Disamban 2012, amma da 'yan tawaye suka doso kudu a Janairun 2013 Faransa ce ta riga kowa sauka, sojojin yankin suka biyo baya, kuma kafin watan Yuli ya fita an mayar da su ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya domin a can ne kuɗin yake. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Rundunar da baƙo ke ɗaukar nauyinta, da wuya ta ƙi zuwa inda yake so.

Nasiru:
Hajiya, ai a Disamban 2023 Kwamitin Sulhu ya amince da ƙuduri mai lamba 2719, wanda ya ba da damar Majalisar Ɗinkin Duniya ta biya har kashi 75 cikin ɗari na ayyukan da Tarayyar Afirka ke jagoranta.

Hajiya Rabi:
Ya ba da dama, amma kowane aiki sai an koma Kwamitin Sulhu an nemi izini daban, inda ƙasashe biyar ke da kujerar naƙi. Ka ga an sake miƙa mabuɗin ga wasu.

Malam Abdu:
Da izininku, ina ganin duk kuna tattauna injin ne, ba ku tambayi aikin da aka ƙera shi domin ya yi ba. Mutanen Tillaberi a Nijar da Mopti a Mali da Jibo a Burkina Faso sun shafe shekaru ana kashe su, ba a taɓa ba da wa'adin kwana bakwai saboda su ba, ba a kuma tayar da rundunar ko-ta-kwana ba. Da aka tsare shugaba guda ne aka rufe iyakoki, aka yanke wutar lantarki, aka fara maganar yaƙi. Talaka yana ganin wannan. Yarjejeniyar Dakar ta 2001 ta haramta karɓar mulki ta haramtacciyar hanya, ta kuma haramta riƙe shi ta haramtacciyar hanya, amma rabin farko kawai ake aiki da shi. A 2015 an kawo shawarar a taƙaita wa kowane shugaba wa'adi biyu, Togo da Gambiya suka ƙi, aka ajiye maganar. Alpha Conde na Gini ya sauya kundin tsarin mulki ya yi tazarce a 2020, ba a dakatar da Gini ba sai da soja suka kifar da shi a Satumban 2021. Saboda haka ni ban ga laifin Mali da Burkina Faso da Nijar ba da suka kafa ƙawancensu ranar 16 ga Satumban 2023, suka rubuta cewa hari a kan ɗaya hari ne a kan duka, suka kuma sanar da rundunar haɗin gwiwa ta mutum 5,000. Aƙalla abokin gabarsu ɗaya ne kuma sun san shi.

Barista Ladi:
Malam Abdu, zargin da ka yi game da tazarce gaskiya ne, kuma dalilinsa a cikin tsarin yake. Masu yanke hukunci su ne shugabannin da dokar za ta kama. 'Yan majalisar ECOWAS daga majalisun ƙasashe ake turo su, ba jama'a ke zaɓensu kai tsaye ba, kuma ba su ne ke ba da izinin tura runduna ba. Kotun ƙungiyar tana yanke hukunci, kamar yadda ta yi a Disamban 2023 cewa a saki Bazoum, amma ba ta da ɗan sandan da zai aiwatar.

Inda na saɓa da kai shi ne ɗaukar ƙawancen Sahel a matsayin magani. Shugabanni uku ne, dukansu sojoji, babu kotun da za ta iya ƙalubalantar su, kuma alkawarin nasu ya haɗa da taimakon juna a kan tawayen cikin gida. Wato ita ma kariya ce ga mai riƙe da kujera, sai dai kujerar ta soja ce. Sannan tambayoyin Malam Isiyaku uku suna nan suna jiransu: wa zai ba da umarni idan Bamako da Yamai suka saɓa, kuma wa zai biya? Ƙungiyar G5 Sahel ta ƙasashen Sahel biyar ma ta kafa runduna a 2017 da irin wannan buri, ta dogara da kuɗin Turai, Mali ta fice a 2022, Burkina Faso da Nijar suka bi ta a Disamban 2023.

Malam Abdu:
Barista, G5 Sahel Faransa ce ke tura ta daga baya, wannan kuwa su suka kafa abinsu. A bari lokaci ya nuna.

Tsohon Soja:
Ni abin da na ga ya fi yin aiki shi ne tsarin da bai yi alkawari mai yawa ba. Ku duba rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi da aka farfaɗo da ita a 2015, mai hedikwata a Njamena. Ba ta ƙarƙashin ECOWAS, domin Chadi da Kamaru ba membobi ba ne, hukumar tafkin Chadi ce ke riƙe da ita a siyasance. An raba yankin gida huɗu, kowace ƙasa sojojinta suna aiki galibi a ɓangarenta ƙarƙashin hafsoshinta, ana musayar bayanan sirri, ana tsara farmaki lokaci guda, a wasu lokuta a bi abokin gaba a tsallaka iyaka. Babu wanda aka ce ya miƙa sojojinsa ga wani. Tana da rauninta, domin duk ranar da wata ƙasa ta ji haushi tana iya janye nata, kamar yadda Nijar ta sanar da ficewa a Maris na 2025. Amma ta yi yaƙi na gaske, saboda haɗarin da ya haɗa su yana ƙofar kowannensu.

Malam Isiyaku:
To yanzu da ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ina matsayin doka idan 'yan bindiga suka kai hari arewacin Benin ko Togo suka koma cikin Burkina Faso ko Nijar? Rundunar ECOWAS za ta iya binsu?

Barista Ladi:
Ba za ta iya ba sai da yardar ƙasar da za a shiga. Ikon da yarjejeniyar 1999 ta bayar a kan membobi yake aiki, su kuwa yanzu ba membobi ba ne, saboda haka duk wani bin sawu sai an ƙulla sabuwar yarjejeniya, ko tsakanin ƙasa da ƙasa ko tsakanin ƙungiyoyin biyu. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, a kuma bar zirga-zirgar mutane da kaya har sai an kammala tattaunawa, amma wannan sanarwa ba ta ba soja izinin tsallaka iyaka ba. Akwai kuma abubuwan da aka gina tare waɗanda yanzu suke a waje: cikin ofisoshin yanki huɗu da yarjejeniyar 1999 ta tanada domin sa ido da gargaɗin farko, a Banjul da Monrovia da Kwatano da Wagadugu, na ƙarshen shi ne aka ɗora wa Mali da Nijar da Burkina Faso da Kwaddebuwa, kuma cikin makarantu uku da ƙungiyar ta ware domin horar da masu aikin kiyaye zaman lafiya, a Abuja da Akra da Bamako, ɗaya tana ƙasar da ta fice.